Gawa Mai Shayarwa

Kwana biyar gawar ta yi a tsohon ramin kuza kafin ruwa ya gaji ya turo ta sama. Insfekta Datong ya ga gawarwaki har ya daina ƙirgawa, amma fuskar wannan ta ƙi barin idonsa, ko abinci ya zauna ci sai ya gan ta.

Zipora ce, mai sayar da dankali a kasuwar Terminus. A gidan yayarta Ana take zaune a unguwar Laranto. Da Datong ya je gidan, ita Ana ta sha kuka, da jariri goye a bayanta. Ta ce ƙanwarta ba ta taɓa aure ba balle haihuwa, ciwo ne ya hana ta fita wata shida. Ita kuma ɗanyen jego ya hana ta kai rahoto.

Bayan kwana uku Dakta Nkoli, likitar da ke binciken gawa, ta kira shi. Ruwa ya ɓata jikin, ta ce, shi ya sa ta yanki tsoka siririya daga nonon, ta ɗora a gilashi, ta ɗiga maganin da ba ya kama komai sai laktoferin, wani sinadarin nono mai riƙe ƙarfe. Duk inda ya same shi sai wurin ya rine.

Datong ya leƙa madubin da ke ƙara girman abin da ke kan gilashin. Ko'ina ya rine ruwan ƙasa, kamar shayi ya zube a farin zane.

"Shayarwa take yi, Insfekta. Akwai jariri a wani wuri."

Datong ya san inda ya ga jaririn.

Ya koma Laranto. Wata maƙwabciya ta rage murya ta ce shekara sha huɗu Ana na neman haihuwa, kuma ba wanda ya ji naƙudarta. A bayan ƙofar Ana ya ga gwangwanayen madarar jarirai guda huɗu.

"Madam, wane asibiti kika haihu?"

"A gida ne, oga."

"Kina ba shi nono?"

"Ina ba shi."

"To mu je likita ta duba ki."

Ana ta zauna a ƙasa daɓas. Ta ce yarjejeniya suka yi: Zipora ta ɓoye cikin, ita ta ɗaura tsumma kamar mai ciki, in an haihu ɗan ya zama nata. Amma da Zipora ta shayar da shi sati biyu, sai ta ce ta fasa, za ta tafi ƙauye da ɗanta. Ita kuwa Ana ta bi ta har bakin ramin, ta karɓe yaron, ta tura ta.

Datong ya tsane ta, ya kuma ji tausayinta, abin ya ba shi haushi. Da wata kofur ta zo da ankwa, Ana ta kwance goyon da kanta ta miƙa masa, sannan ta juyo daga bakin mota.

"Oga, kar a ba shi madarar da zafi. Ba ya so."