Haƙoran Kaka a Jakar Makaranta

Akwai wata yarinya da kakanta yake kira Uwargida. Kullum in za ta makaranta shi yake raka ta bakin titi, yana tsokanarta tana ramawa.

Kaka ya daɗe yana shan taba kafin ya daina. Shi ya sa likita ya ce ya zo a ɗauki hoton ƙirjinsa, a duba huhu, ko da ba ya jin ciwon komai.

Da yarinyar ta ba ƙawarta labari, sai ƙawar ta zaro ido.

"Kada ki bari ya je! Maƙwabcinmu lafiyarsa ƙalau ya shiga na'urar nan. Yana fitowa aka ce yana da ciwon daji."

Duk duniya yarinyar ba ta da kamar Kaka.

To, Kaka yana da haƙoran roba, kuma ko ƙofar gida ba ya leƙawa sai da su. Ranar zuwa asibiti, tun yana wanka, ta tsamo su daga kofin da yake jiƙa su. Ta naɗe su a hankici, ta cusa a jaka, ta yi makaranta abinta.

Ana cikin darasi ta jawo littafi. Sai ga haƙora sun faɗo ƙasa, ƙwas! Aji ya kwashe da dariya. Ita kuwa ta fashe da kuka.

Malama ta ja ta waje. "Share hawayenki. Na wane ne?"

"Na Kakana ne, Malama. Ba na so na'urar hoton asibiti ta sa masa ciwo."

Malama ta dafa kafaɗarta. "Idan kin haska fitila a ƙarƙashin gado kika ga kunama, fitilar ce ta kawo ta?"

"A'a, dama tana nan."

"Haka hoton yake. Gani yake yi tun ciwo yana ƙarami, lokacin da ya fi jin magani."

Da ta koma gida ta tarar Mama ta birkice ɗakin Kaka kaf. Lokacin ganin likita ya wuce. Kaka yana zaune, baki a lotse, ko abinci bai iya ci ba. Kunya ta kama yarinyar. Ta durƙusa, ta miƙa hankicin, ta faɗi gaskiya.

"Da kin tambaye ni mana!" in ji Mama, ranta a ɓace. "Yanzu sai mun sake jiran layi."

Kaka ya mai da haƙoransa. "Ƙyale ta. Ni ma tsoron nake ji, Uwargida. Za ki raka ni?"

Jiran ya yi mata tsawo. Ko tari Kaka ya yi sai ta zabura.

Da ranar ta zo, tare suka tafi. Hoton ya nuna ɗan tabo a huhu, bai fi ƙwayar wake ba. Likita ya ce an gan shi da wuri, za a cire.

Ranar aiki, ma'aikaciyar jinya ta ce Kaka ya cire haƙoransa. Ya miƙa wa jikarsa.

"Riƙe mini. Ai ke ce gwanar ajiya."

Kaka ya warke, ya koma rakiyarsa ta bakin titi. Tun daga nan, in yarinyar ta ji maganar da ta tsorata ta, sai ta tambayi manya kafin ta yi komai.