Jan Tambari a Kan Kilishin Danda

A tashar Tasawa suka fara haɗuwa. Furera ta sayi kilishi, Danda mai kilishin ya yi mata gyara har ya fi sayen yawa. Kowa ya san abin da wannan ke nufi.

Da yamma saƙon Danda ya shigo wayarta: "Sheri, masoyiyata, gobe ki biyo, ko ba ki saye komi."

Furera na yi wa wani kamfanin ciniki ta waya aiki daga gida. Tana karanta sharhin masu saye, ta sa wa yabo koren tambari, zagi kuma ja, na'ura na koyo daga hannunta. Ba a nuna mata sunan shago.

Wata rana ta ci karo da irin su: "Ɓarawo, naman jaki ne wannan, mdr." Ta danna ja, ta sake dannawa. Ashe shagon Danda ne na kan waya, masu zagin kuma taubasansa, 'ya'yan kawunsa na Mayahi, suna wasan da suka gada, "mdr" ɗin ma alamar dariya ce. Na'ura ba ta da taubashi. Sai na'urar ta rufe shagon, cinikin Maraɗi da Yamai ya tsaya cak.

Abdurrahamane, wanda shi ma ke neman Furera, ya kai wa mahaifinta Malam Ya'u wayarsa, ya nuna masa zagin.

"Ba ni ba da ɗiyata ga wanda duniya ke kira ɓarawo," in ji tsohon.

Da Furera ta gane, ta sami Danda gaban tirensa, zuciyarta kamar ta fashe.

"Masoyi, hannuna ne ya danna jan nan."

Ya ji ciwo ƙwarai.

"Kin sani lokacin?"

"Wallahi ban sani ba."

"To, bar kuka, Hurerata."

Ta roƙi kamfanin su gyara, suka ƙi. Ta nace, suka sallame ta.

Kawun Danda ya taso daga Mayahi, ya tasa 'ya'yansa gaba har zauren Malam Ya'u, suka durƙusa.

"Mu munka rubuta, Baba. Wasa ne."

"Wasan taubashi a tsakar gida aka yi nai," in ji Malam Ya'u. "Ku kun kai shi kasuwa." Ya dubi ƙasa. "Amma yarinya ta rasa aikinta saboda shi. Na ba shi."

Aka ɗaura aure bayan kaka, ba kiɗa, ba wani taro. Shagon bai dawo ba. Da aka shafa fatiha, tsohon ya riƙe hannun ango.

"Allah shi yi albarka. Ba ta da komi yanzu sai kai, Danda."