Tiyar Shinkafi

Ranar da aka raba ɗalibai rukuni-rukuni don gasar warware matsalar kasuwanci a Kaura Namoda, Muhsina ta ga wanda aka naɗa shugaban rukuninsu, sai ta ja tsaki a zuci. Nafi'u ne, ɗan Zurmi, wanda in an tashi lacca yake kabu-kabu a hanyar Kasuwar Daji.

Ya yi murmushi ya ce, "Ke ce 'yar Shinkafi? To lissafi naki ne. Ɗiyar dillalin hatsi ba a koya mata awo."

Aikin da aka ba su shi ne su tsara wa wata ƙungiyar manoma yadda za ta sayar da dawarta ba faɗuwa. Su huɗu ne, kuma Nafi'u bai taɓa yanke magana ba sai kowa ya faɗi tasa. Kafin wata ya zagayo, mai tsakin nan ita ke riga kowa zuwa taro. Ai so ba ya sallama.

Wata safiya saƙonsa ya shigo: "Gimbiya, na duba lissafinki tsaf. Kuskure ɗaya na iske, ba ki saka ni ciki ba."

Ta amsa: "Shugaba, kai tun farko aka ware ka. Ba na sayarwa ba ne."

Amma da zancen ya kai kunnen mahaifinta, Alhaji Sodangi, sai ya murtuke. "Wanda bai riƙe komi ba sai kan babur, shi za ya riƙe min ɗiya? Ga Fahad nan."

Fahad ɗan amininsa ne, shugaban wani rukunin. Shi da kansa ya gayyato Alhaji ranar ƙarshe ta gasar, don ya zo ya ga bajintarsa.

Muhsina na tsakiyar bayani a gaban alƙalai, ɗayansu ya ɗaga hannu. "Buhunanku ba su cika ba. Da wace tiya kuka auna?"

Da tiyar Shinkafi da ta tashi da ita ta yi lissafin, alhali manoman da ta Kaura suke awo, kuma girman kwanukan awon biyu ba ɗaya ba ne. Ga mahaifinta a layin gaba. Yau ta rasa kofin gasa, ta rasa Nafi'u.

Sai ta ji muryar Nafi'u. "Laifina ne, ranka ya daɗe. Ni na duba, ni na amince."

Muhsina ta dake ta ɗaga murya. "Shi ya duba, ni na auna. A ɗan ba mu lokaci, mu gyara."

Sauran biyun suka miƙe ba wanda ya kira su. A kan allo, a idon kowa, suka sake lissafin har ya daidaita.

Na biyu suka zo. Fahad ne ya ci, ya rungume kofi yana cewa shi ya tsara komai, 'yan rukuninsa na rakuɓe a baya kamar 'yan rakiya.

A hanyar gida, da suka kai Badarawa, Alhaji ya dube ta.

"Muhsina, na tsufa cikin awo. In tiya ta gaza, kowa yaronsa yake nunawa. Yau na ga wanda ya nuna kansa." Ya gyara hula. "Ke ma kin fid da ni kunya. Ki ce ya turo magabatansa."

Hawaye suka zubo mata, na alfahari zalla.

Bayan kaka aka ɗaura aure a Shinkafi. Cikin kayan ɗakinta Alhaji ya sa sabuwar tiya, ya kira ango ya damƙa masa ita.

"Ga ta nan, irin tamu ce. Ran da awo ya gaza a gidanku, ku tashi tare kamar rannan. Allah ya yi muku albarka."

Nafi'u ya durƙusa ya karɓa da hannu biyu. Daga cikin lulluɓi, Muhsina ta ce amin.