Tamojin Tsohuwa

Uwaisu yana gyaran fuskokin gawa a wani gidan jana'iza a Bronx. Ran nan, don gaggawa, ya cike tamojin wata tsohuwa da kaki, ya shafe su tas.

Da dare a jirgin ƙasa na layin D, wata mata ta zauna gefensa. Warin kakin nan ya doki hancinsa. Fuskarta sumul kamar ƙwai, muryar kuwa ta tsohuwa ce.

"Ɗan nan, jikokina sun leƙa akwatin gawata, ba su gane ni ba. Tunda ka kwashe min shekaruna, sai ka riƙe su."

Ta shafa kumatunsa da hannu mai sanyi.

Ya dubi gilashin taga. Ga tamojin da ya goge nan kwance a fuskarsa, ba wanda ya ɓata.