Kujerar Gaban Farar Mota

Ranar da Sila ya zo haɗa sola a gidan Baba Michael, tsohon soja a Zuru, Saloma, ɗiyar tsohon, ce ta riƙe masa tsani. Ya hau ya sauko har sau biyar, wai ya manta sukundireba. Tana ganin abin a aljihunsa na baya, amma ba ta tona shi ba.

"Idan kika saki tsanin nan, alhakina yana wuyanki," in ji shi daga sama.

"Ai ka ga ban saki ba."

Ba ta saki ba kuwa. Kafin shuka ta kai gwiwa, saƙo ya fara shigowa wayarta safe da yamma.

"Fitilata, yau gida uku na haɗa wa wuta, amma ni ina cikin duhu tunda ban gan ki ba."

"Mai sola, ka rage ƙarya, ka je ka ci abinci."

Matsalar ita ce Baba Michael. Ƙafarsa ɗaya ta tafi a aikin soja, ɗayar kuma gwiwa ta ƙi, shekara uku ke nan yana kan keken guragu. Tun rasuwar matarsa Saloma ce ke tura shi. Da dangin Sila suka zo da maganar aure, ya ɗaure fuska.

"Shekara bakwai na yi ina golmo a gonar kakanki kafin a ba ni uwarki," ya ce mata bayan sun tafi. Golmo shi ne noman da saurayi yake yi wa surukinsa a da. "Wannan mai hannu kamar na jariri, mi ya yi?"

Gaskiyar magana, kishi ne ke cin tsohon. Yana tsoron a ɗauke masa ɗiya a bar shi da bango.

Ana cikin haka Lukuman dillali ya kawo ƙananan motocin lantarki biyu daga Kaduna, masu sauƙin kuɗi. Sila ya gaji da babur, ga faranten sola a shagonsa da zai riƙa caji. Ya kai Saloma ta gani.

Ɗaya ja ce, sumul, mai ƙofa biyu, tana zuwa Ribah ta dawo ba a sake mata caji ba. Ɗayar fara ce mai ƙofa huɗu, doguwa daga ƙasa, cajinta bai kai na jar nisa ba, kuma kamar firij ce aka sa wa taya.

"Jar nake so," Saloma ta ce tana shafa kujerar gaba. "Nan ne wurina."

"Za mu gani, Fitilata."

Bayan kwana biyu, tana dawowa daga kasuwa, ta gani ɗin kuwa. Hannah, ma'aikaciyar asibiti a sashen gashin ƙashi, tana zaune a gaban jar motar. Ta fita ta shiga farar. Ta tura kujera baya, ta buɗe ƙofa ta rufe, tana dariya, Sila na tsaye a kanta kamar ya samu abin kallo. Washegari ma haka. Saloma ta matse tumatirin da ke hannunta har sai da ya fashe.

Rana ta uku ta kasa daurewa, ta je wurin Lukuman.

"Ai ya ɗauki farar," in ji shi, ko a jikinsa. "Ita waccan ta asibitin ta ce ta fi."

A bakin titi ta tsaya ta rubuta.

"Na ji ka zaɓi zaɓin Hannah. Allah ya sa alheri. Ka ba ta kujerar gaban ma, ni na saba da tafiya a ƙasa."

"Fitilata, ki ba ni zuwa Asabar."

"Kada ka sake ce mini Fitila. Ka je ta haska maka."

Ta kashe wayar. A gida Baba ya ce, "Ban gaya miki ba?" Ya yi murna ta yini guda. Da ya ga kwana biyu tuwonta yana kwana a kwano, murnar ta koma ciki.

Ranar Asabar da hantsi ba wanda ya ji tsayuwar mota, don ba ta da ƙara. Sallama kawai suka ji. Saloma ta fito ta ga Sila, ga Hannah a bayansa, ga firij ɗin a ƙofar gida. Ta tare ƙofa.

"Har gida ka kawo mini ita?"

"Haba, 'yar'uwa," in ji Hannah. "Keken asibiti muka ara muka gwada. Jar ta yi ƙasa, ƙofarta ƙarama, keken ma ya ƙi shiga bayanta. Wannan kuwa Baba zai zame daga keke zuwa kujera ba sai an ɗaga shi ba. Abin da aka kira ni in duba ke nan."

Saloma ta juya ga Sila.

"Da na gaya miki, da Baba ya karanta a fuskarki," ya ce a hankali. "Kin san kuma ba zai yarda ba."

"Ban yarda ba kuwa!" Baba ya ɗaga murya daga tsakar gida. "Ni ba buhun masara ba ne da za a loda."

Sila ya shiga ya durƙusa. "Baba, jiya na je gonarka ta gindin dutse. Dawa ta yi kai. Sai dai 'yan aiki sun bar gefen gabas, ciyawa ta cinye shi."

"Sun bar mi? Wa ya ce su bari?" Tsohon ya buga hannun keke. "Saloma, tura ni!"

Ya zame cikin kujerar gaba kamar don shi aka ƙera ta. Motar ta bi ramukan hanyar gona ba ta goga ƙasa ba. Da suka isa, faɗan da ya zo da shi ya gagara. Shekara uku rabonsa da wurin. Ya miƙa hannu ta taga ya kama kan dawa, ya daɗe riƙe da shi, idonsa ya cika.

A kujerar baya Saloma ta kunna waya ta rubuta.

"Mai sola, ka yafe mini. Kishi ne. Ina sonka."

Baba ya share fuska da hularsa. "Yaro, golmo shekara bakwai ne. Naka ba shi da ranar ƙarewa. Duk Asabar, nan."

"Na yarda, Baba."

"To, gaya wa mutanenka su dawo."

Bayan girbi aka ɗaura auren a coci, Hannah ce babbar ƙawar amarya. Da aka fito, an yi wa farar mota ado da kintinkiri, Lukuman na tuƙi. Saloma ta nufi ƙofar gaba da doguwar rigarta, ta tarar Baba ya riga ta, har ya ɗaura bel.

Ta shiga baya kusa da angonta, ta raɗa masa, "Yanzu kuma da Baba zan yi kishi?"

"Na ji ki," in ji tsohon, bai ko waiwayo ba. Ya miƙo hannu baya ya haɗa hannuwansu. "Ɗiyata, na zaci ɗauke mini ke zai yi, ashe har da ni zai ɗauka. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku 'ya'yan da za su tuna da ku ranar da ƙafa ta gaza."

Suka ce amin. Saloma ba ta sake neman kujerar gaba ba.