Makullin Da Ke Wuyan Likita

"Ragowa fa na ce! Ragowar da kike zubarwa!"

Umma ce ke faɗa, ta miƙe ƙafa a tsakar falo, gwiwarta ta kumbura suntum. A gabanta matar ɗanta ce durƙushe, wadda kowa ke kira Likita, don likitar dabbobi ce. Wata huɗu ke nan da aurenta da Dogo, autan Umma, wanda ya jingina da ƙofa yana susar ƙeya kamar baƙo.

Akuya ce ta jawo rigimar. Makon jiya akuyar Umma ta karye, aka kai ta asibitin da Likita ke aiki. A kan idon Umma, Likita ta ciro makulli daga zaren da ke wuyanta, ta buɗe akwatin ƙarfen da ke manne da bango, ta zuƙi rabin kwalba ta yi wa akuya allura. Nan take kuka ya tsaya. Sauran rabin kuwa sai ta kira abokiyar aikinta, ta tsiyaye shi a mazubi a gabanta, su biyun suka sa hannu a rajista. Tun ranar abin ke cin Umma a rai.

"Umma, ku yi haƙuri," in ji Likita, kanta a ƙasa. "Maganin nan doka ce ke tsare da shi. Kowane ɗigo a rubuce yake, har wanda aka zubar. Kuma da nauyin dabba ake auna shi. Ku bari mu kai ku asibiti—"

"Asibiti! In je in wuni a layi, alhali ga magani rataye a wuyan surukata? Wato akuya ta fi ni daraja!"

Dogo ya matso, ya sassauta murya. "Haba Bebi, filis mana. Rabin kwalba ne fa. Wa zai sani?"

"Ni zan sani. Hannuna ne a rajistar."

Kai jama'a, wannan abin takaici da yawa yake! Mutumin da ya shekara biyu yana sintiri a ƙofar gidansu, yana rantsuwa riƙon amanarta ne ya sace masa zuciya, yau shi ke roƙonta ta yi ƙarya a rubuce. Umma ta yanke hukunci: ko kwalba ta zo, ko Likita ta koma gidan ubanta. Gogan naka ya ci gaba da susar ƙeya. Haka Likita ta ja akwatinta tana share hawaye, makullin na nan a wuyanta.

Kwana biyar Dogo ya iya daurewa. A na shida da hantsi ya same ta a wurin aiki tana ɗinke kunnen wani kare.

"Umma ba ta barci," ya ce. "Ni ma haka. Ki rubuta kin zubar, shi ke nan a wuce wurin."

Ta cire safar hannu, idanunta jajur. "Lasisina ka ɗauka nake yi wa kuka? To ya tafi ɗin! Amma in Umma ta kwanta ba ta tashi ba, da wane ido zan dube ka? Kai da wane ido za ka dubi kanka?" Ta miƙa masa kati. "Na karɓar mata ganin likita gobe. In kana sonta, ka ɗauke ta ko a goye ne."

Kunya ta rufe shi. Washegari ya ɗauki Umma tana masifa har asibiti. Gwaji ya nuna ƙodarta ta raunana, saboda ƙwayoyin kashe ciwo da ta daɗe tana afawa a ɓoye. Umma da bakinta ta kai ƙarar surukarta wurin likitan, ta zayyane masa komai tiryan-tiryan. Ya ajiye biro, ya dube ta.

"Mama, da ta ba ki allurar nan, da yau zaman makoki ake yi a gidanki."



Bayan mako guda sai ga ta a asibitin dabbobi tana dogara sanda, Dogo na biye da ita kamar kazar da ruwa ya doka. Likita ta durƙusa za ta gaishe ta, Umma ta kamo hannunta ta tashe ta.

"'Yar nan, na zalunce ki. Ki yafe mini, ki dawo ɗakinki."

"Ni ma sori," in ji Dogo a hankali.

"Kai yi mana shiru!" Umma ta daka masa tsawa. "Da kai namiji ne, da tun ranar ka hana ni."

Ba duk mai ba ka abin da kake so ne masoyinka ba, kuma mai riƙon amana ko ya sha wuya ba ya taɓewa. Umma ta kwance bakin zanenta, ta fito da sarƙa mai kauri.

"Na ga zaren nan naki ya fara cinyewa," ta ce. "Rataya makullin a nan. Ko ni na sake roƙo, kada ki cire."