Zaren Da Ya Zuba

A kasuwar Minjibir Muntaka ya fara ganinta, a shekarar nan da tsadar hatsi ta sa gidaje da yawa suka koma ɗora tukunya sau ɗaya a yini. Zare ya fito nema, don na kanti ya fi ƙarfin masaƙi irinsa. Sai ga wata budurwa a gindin darbejiya ta baza jan zare a faifai, tafin hannunta har ya fi zaren ja.

"Wannan lalle ne ko ciwo kika ji?" ya tambaya.

"Karan dafi ne," ta ce, ba ta ko ɗago ba. "In saye ka zo yi bismilla, in kuma kallon hannu ne, ka matsa masu saye su gani."

Sunanta Barira, 'yar Malam Dabo ce, manomi a wani ƙauye gabas da garin. Da hodar rini ta yi tsada sai ta koma wa rinin kakarta, na karan dafi, wata jar dawa da suke shukawa a gefen gona. Muntaka ya sayi zaren da bai yi niyya ba. Kasuwa na zagayowa ya dawo ƙaro wani, alhali na farkon ko kwance shi bai yi ba. Ba a jima ba saƙonni suka fara kai-komo.

"Mai jan hannu, yau sai ɓata saƙa nake saboda tunaninki. Ki san yadda za ki yi da ni."

"Masaƙina, ka turo manya su sami Baba, a zaure ake irin wannan shari'ar."

Manyan sun zo, amma Malam Dabo bai sakar musu fuska ba. Shi a ganinsa saƙa ta mutu tun da gwanjo ya cika kasuwa, kuma ba zai ba da 'yarsa inda za ta kwana da yunwa ba. Sai da Inna, mahaifiyar Barira, ta yi ta lallashi kafin ya sassauta.

"Ya saƙo min gwado in yafa," ya ce. "In aikinsa na da ƙarko zan saurare shi. Ke kuma Barira, kafin nan kin daina zuwa kasuwa."

Barira ta ɗauri aniyar rina zaren gwadon da kanta, rinin da ba ta taɓa yin irinsa ba.

Ana cikin haka Huseina ta ce za ta zo ta yi mata Asabar da Lahadi. Aminiyarta ce tun suna tallan gyaɗa, kafin iyayenta su koma unguwar Bacirawa a birni. Barira ta yi murna har ta rasa inda za ta sa kanta. Inna ta dama musu fura da ɗan geron da ake tattali, suka kafa tukwane biyu a tsakar gida, kowa da nata zaren.

Aikin na son haƙuri. Sai an ɗaure zaren sako-sako, a jiƙa shi a ruwan alif ya sha sosai, sannan a tsoma a tukunyar karan dafi, in ba haka ba launin ba ya kamawa. Huseina kuwa tun tana ƙarama ba ta san jira ba. Ta ɗaure nata tamau kamar buhun gero, ta tsallake alif ɗin, ta zunduma.

"Zai zuba fa," in ji Barira tana dariya.

"Ya zuba mana, ni wasa na zo yi. Ke ce mai aure a tukunya."

Ta san da maganar, don Barira ba ta ɓoye mata komai ba, har sharaɗin Baba.

Ran Lahadi suka shafe bangon ɗakin Barira da farar ƙasa, suka tauna bakin kara ya zama buroshi, suka yi zane da ragowar rinin. Barira ta zana zabi a nata ɓarin, Huseina ta zana furanni masu kama da kabewa, suka yi ta dariya har Inna ta leƙo ta ce su ji tsoron Allah su bar mata bango. A tsakanin dariyar ne Huseina ta ba ta labarin shagon babanta da ya rufe. Ta shafa zaren Barira da ke shanye a igiya ta ce irin wannan a birni rububinsa za a yi.

Da za ta tafi, Barira ta ƙulle nata zaren a leda ta miƙa mata ta kai wa Muntaka, tunda a tashar Minjibir za ta hau mota.

"Ki ba shi hannu da hannu, ƙawata."

"Haba Barira, ni kike wa wannan jan kunnen?"

Gwado ya zo, ja wur, saƙa lafiyayya. Malam Dabo ya juya shi ya sake juyawa bai sami abin kushewa ba, ran Juma'a ya yafa shi a kan farar rigarsa guda ɗaya tilo. A hanyar dawowa daga masallaci ruwan sama ya kama su. Kafin ya iso gida rigar ta koma kamar ta mahauci, dattawan ƙauye na biye da shi suna ƙunshe dariya. Ya jefar da gwadon a tsakar gida.

"Kada in ƙara jin sunan yaron nan a gidana."

Labari ya kai wa Muntaka, da la'asar saƙonsa ya shigo wayar Barira.

"Barira, na yarda da hannunki fiye da idona, shi ya sa ko jiƙa zaren ban yi ba. Me na yi miki?"

Sunanta ya kira, ba mai jan hannu ba, kuma wannan ya fi komai yi mata ciwo. Ta ɗauki gwadon tana kuka ta shiga ɗauraye shi. Tana matsewa ta lura da wasu fararen ɗigo-ɗigo a jikin saƙar, inda rini bai shiga ba. Ɗauri tamau ne kaɗai ke barin wannan tabon, ita kuwa ba ta taɓa ɗaure zare tamau ba.

Ta yi ta kiran Huseina ba a ɗauka ba. Sai can amsa ta zo a rubuce.

"Ki yi haƙuri ƙawata. Na tuna wata Hajiya a unguwarmu da ke neman irin naki, kin kuma san halin da muke ciki. Ai ja ja ne, na ɗauka ba za a gane ba."

Barira ta zauna a ƙasa tana kallon furannin bango. Da ɓarawo ne ya ƙwace ledar a tasha, da ta yi kuka ta share hawaye. Amma wadda suka sha fura a ƙwarya ɗaya ce, wadda ta san aurenta ne a cikin ledar, ta kuma buɗe ta musanya. Da Huseina ta ce tana so, wallahi da ta rina mata wani kyauta.

Washegari ta durƙusa a gaban Baba da gwadon da wayar, ta nuna masa ɗigon, ta karanta masa saƙon. Ya ajiye gwadon a gefe.

"Yaron nan ya riga ki zuwa," ya ce. "Da sassafe na same shi a ƙofar zaure. Na tambaye shi wa ya rina zaren, ya ce laifin masaƙi ne da bai jiƙa ba. Na juya tambayar ta kowace fuska, ya ƙi ambatar sunanki, alhali a zatonsa ke kika kunyata shi. Ki ce ya dawo."

Da Muntaka ya zo, ya kasa haɗa ido da ita.

"Mai jan hannu, na zarge ki ban tambaye ki ba. Ki yafe min."

"Ka yi min zafi," ta ce. "Amma na ji abin da ka yi a zaure. Daga yau ko ni na ba ka zare, ka jiƙa."

"Ko Inna ce ta ba ni."

Ta yi dariyar da rabonta da ita tun ranar Juma'ar nan.

Bayan an yi girbi aka sa rana. Ana gobe ɗaurin aure Barira ta dama farar ƙasa ta shafe ɓarin Huseina. Ta shafa ta sake shafawa, amma da ya bushe sai jan furannin ya ɗan leƙo ta ƙasa. Ta bar shi haka nan. Gaisuwa dai ba ta yanke ba, amma ba ta aika mata goron biki ba.

Ranar ɗaurin aure Malam Dabo ya ƙi sabuwar rigar da ƙaninsa ya ara masa, ya fito da mai jan tabon nan. Inna ta kama haɓa.

"Malam, da wannan za ka shiga mutane?"

"Da ita na san surukina," ya ce, ya sa takalmi ya fita.

Aka shafa fatiha, aka raba goro, dattawan da suka yi masa dariya suka fi kowa ɗaga murya da addu'a. Allah Ya ba da zaman lafiya, Ya kawo zuri'a mai albarka, Ya sa auren Barira da Muntaka ya kama, kada ya zuba. Amin.